Mai tuta a bakin layi: me yake gani da mu ba mu gani?

Duk wanda ya saba shiga babban filin ƙwallo na Maradi, tun zamanin da Jangorzo da Dan Kasawa ke cika shi da jama'a, ya san lokacin da rai ya fi ɓaci a wasa. Ƙwallo ta shiga raga, fili ya kaure da sowa, yaron da ya ci ya sheƙa a guje, sai a waiwaya a ga wani mutum can bakin layi ya tsaya ƙyam, tuta a sama. Nan take sowa ta koma zagi. "An saye shi!" "Kai makaho ne?" Kafin a tashi an ambaci uwarsa da ubansa. Abin da nake so mu tsaya mu duba shi ne, a cikin dubban mutanen da ke wurin, har da alƙalin da ke riƙe da usur, mai tutar nan shi kaɗai yake tsaye a inda ake iya ganin abin da ake gardama a kai. Mu saura daga karkace muke hangowa.

Aikin nasa daga rashin yarda ya samo asali. A farkon ƙwallon ƙafa a Ingila kowace ƙungiya ce ke zuwa da mai sa idonta, su biyu su shiga fili, alƙali kuwa yana waje da agogo, ba ya sa baki sai waɗancan sun kasa daidaitawa. Da wasa ya zama na kofi da kuɗi, gardama ta yi yawa, sai a 1891 aka juya tsarin. Alƙali ya shigo tsakiya da cikakken iko, mutanen biyu aka mayar da su bakin layi da tutoci. Hukumar IFAB, wadda ke rubuta dokokin ƙwallo tun 1886, ta mayar da su mataimakan alƙali a 1996, domin aikinsu ya daɗe da wuce faɗin ƙwallo ta fita ko ba ta fita ba. Yau doka ta 6 ce ke magana a kansu, tare da alƙali na huɗu da masu duba bidiyo.

Filin wasan ƙasa da ƙasa tsawonsa mita 100 zuwa 110 ne, faɗinsa 64 zuwa 75, mutum ɗaya ba ya iya rufe shi. Shi ya sa ƙwararren alƙali ba ya bin ƙwallo duk inda ta nufa. A karkace yake gudu, daga wajen wata kusurwa zuwa wadda ke kallonta can ƙetare, ya bar sauran biyun ga mataimakansa. Kowane mataimaki rabin layi ɗaya ne nasa, daga tsakiya zuwa tutar kwana, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, yadda wasa zai kasance kullum tsakanin idon alƙali da idon mataimaki suna fuskantar juna. Kuma mataimaki ba shi ke zaɓar inda zai tsaya ba, 'yan baya ne ke jan sa. Dole ya kasance daidai da mutum na biyu daga ƙarshe a cikin masu karewa, ko daidai da ƙwallo in ta fi wannan mutumin kusa da layin raga. Sun matsa gaba ya matsa, sun ja baya ya ja. Galibi tafiyar gefe-gefe yake yi, fuska na kallon fili, tuta a hannun da alƙali zai iya gani, in ya juya ya sauya hannu. Haka zai yi minti 90, ko ƙwallo na can ɗaya rabin ba ya sakewa, don dogon bugu ɗaya ya isa ya kama shi a inda bai kamata ba.

Mu 'yan kallo mun saba cewa "ɗan baya na ƙarshe", domin yawanci mai tsaron gida ne ke cike gurbin mutum na farko. Dokar satar gida kuwa mutum biyu take ƙirgawa tsakanin ɗan gaba da layin raga, ba ruwanta da wane ne gola. A wasan buɗe gasar cin kofin duniya ta 2010, tsakanin Afirka ta Kudu da Meziko, Carlos Vela ya jefa ƙwallo a raga bayan bugun kwana, tuta ta tashi, mutane da yawa a gidajen kallo suka rantse an yi zalunci, tunda ga ɗan wasan Afirka ta Kudu can tsaye kan layin raga. Amma gola Itumeleng Khune ya riga ya fito neman ƙwallon, ya bar mutum ɗaya tak tsakanin Vela da layi. Satar gida ce tsantsa, kuma mataimakin ya gan ta a cikin wannan cunkoso.

Wahalar satar gida ita ce wuri biyu ake son mutum ya gani a lokaci ɗaya. Ba a auna ta lokacin da ƙwallo ta isa wurin ɗan gaba, ana auna ta ne a daidai lokacin da abokinsa ya taɓa ta zai aiko masa. Mai bugun yana iya kasancewa mita 40 ko 50 daga layin da mataimaki ke tsaro. In ya kalli mai bugu, layi ya kuɓuce masa. In ya kafe ido kan layi, bai ga lokacin bugu ba. A yi lissafi kaɗan. Ɗan gaba mai gudun kilomita 30 a awa yana cin sama da mita 8 a daƙiƙa ɗaya, wato kusan santimita 80 a kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. In ɗan baya kuma yana fitowa don ya ɗana masa tarko, tazarar da ke buɗewa tsakaninsu ta fi haka. Yaron da yake daidai da ɗan baya lokacin bugu, kafin ido ya juyo ya riga ya wuce da taki guda ko biyu, kowa ya gan shi shi kaɗai, a ce ai ya yi satar gida. Wasu mataimaka kan koyi sauraron ƙarar bugu ido na kan layi. Dabara ce mai amfani, sai dai ƙara ma tafiya take yi, kimanin mita 340 a daƙiƙa, ga kuma ganguna da ihun magoya baya.

Akwai wani abin da ya fi wannan ruɗar ido. A shekarar 2000 wasu masu bincike daga Holan suka wallafa gwaji a mujallar kimiyya ta Nature. Sun sa ƙwararrun mataimaka 3 su yanke hukunci kan hare-hare 200, aka samu kuskure 40. Da aka duba, galibi mataimakan suna tsayawa ne gaba da layin kaɗan, wajen mita ɗaya da wani abu ta ɓangaren raga. Daga nan kuwa, ɗan gaban da ke can nesa, bayan ɗan baya, ido yana nuna maka ya wuce alhali daidai suke, na kusa da kai kuma ido yana ɓoye maka satarsa. Mita ɗaya kacal ke haifar da wannan. To ina ga mai zaune a rumfar tsakiya, ko wanda ya jingina da babur bayan raga, mita 30 daga layin? Duk tabbacin da muke rantsuwa da shi daga can, kusurwar zamanmu ce ta ba mu shi. Hoton talabijin ma haka yake in kyamara ba ta kan layin.

Abin da ya fi jawo wa mai tuta zargin cin hanci a filayenmu shi ne jinkiri. "Me ya sa bai ɗaga tun farko ba, sai da ya ga za a ci?" Amsar tana cikin doka ta 11: tsayawa a wurin satar gida shi kaɗai ba laifi ba ne. Sai mutum ya taɓa ƙwallon, ko ya tare wa gola gani, ko ya yi takara da ɗan baya a kanta, ko ya amfana da wadda ta dawo daga turke ko daga hannun gola. Idan 'yan gaba biyu suka bi ƙwallo ɗaya, ɗaya a satar gida, ɗaya ya taso daga baya, mataimakin kirki jira zai yi ya ga wa zai same ta. In ya yi gaggawa ya kashe hari mai kyau, kuma ba a dawo da shi. Haka nan ba satar gida kai tsaye daga jifa, ko bugun kwana, ko bugun da ake yi daga gaban raga in ƙwallo ta fita ta layin baya. Ba satar gida ga wanda ke cikin rabin filinsu lokacin bugu. Tun 1990 wanda ya yi daidai da ɗan baya ba shi da laifi, kuma hannu ba ya cikin abin da ake aunawa. Rabin faɗan da ake yi a gasannin unguwa a kan waɗannan ne, kuma sau da yawa masu horar da yaran ma ba su taɓa karanta su ba.

Tuta dai shaida ce, usur ne hukunci. Alƙali yana da damar ya ga tuta ya yi wa mai ita alama ya sauke, wasa ya ci gaba, shi ya sa ake gaya wa yara kada su tsaya sai sun ji busa. Saboda haka ƙarfin aikin yana cikin fahimtar da ke tsakanin su ukun. Kafin wasa suna zama, alƙali ya faɗa musu abin da yake so: ƙetar da ta faru gabanka ka ɗaga, wadda na fi ka kusa ka bar mini; in ka ga fenariti ban gani ba ga abin da za ka yi; in faɗa ya tashi ɗaya ya matso, ɗaya ya tsaya nesa yana rubuta lambobi. Tutar kanta magana take yi. A satar gida yakan ɗaga ta tsaye, bayan busa ya nuna sama, ko tsaka-tsaki, ko ƙasa, wato can nesa ne, ko tsakiya, ko nan kusa da shi. In ƙwallo ta shiga lafiya ba ya ɗagawa sam, sai ya ruga ta bakin layi ya nufi tsakiya, alƙali ya gane ba matsala.

Idan wannan fahimta ta yanke, abin da ya faru a gasar cin kofin duniya ta 1986 a Meziko ke faruwa. Maradona ya sa hannu ya ci Ingila. Alƙali Ali Bin Nasser na Tunisiya ya dubi mataimakinsa Bogdan Dochev na Bulgeriya yana jiran alama, shi kuma bai ɗaga tuta ba yana ganin alƙali ya riga ya amince. Shekaru suka yi kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. A zamanin, alƙalai ne ake ɗebowa daga ƙasashe daban-daban a miƙa wa wasu tuta. Daga baya FIFA ta ware jerin mataimaka daban, aikin ya zama sana'a mai zaman kanta, kuma ta koma tura alƙali da mataimakan da suka saba aiki tare.

Wani kuskuren kuma ba na sakaci ba ne. A gasar duniya ta 2010, bugun Frank Lampard na Ingila ya daki turken sama ya faɗa cikin ragar Jamus, ya wuce layi sosai, aka ce ba ta shiga ba. Mataimakin, Mauricio Espinosa na Uruguwai, yana inda doka ta ajiye shi, daidai da 'yan baya, kuma ba ɗan Adam ɗin da zai riga irin wannan bugu isa layin raga. Abin da ya biyo baya shi ne amincewa da na'urar layin raga a 2012, aka kuma yi aiki da ita a gasar 2014 a Brazil.

Alƙali na huɗu mutane na ɗauka ɗaga allon canji da ƙarin lokaci ne kawai aikinsa. Shi ke kula da bencin ƙungiyoyi biyu, ya duba takalma da kayan mai shigowa, ya riƙe nasa lissafin kati da lokaci. A wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2006 a Balin, lokacin da Zidane ya tunkuyi Materazzi a ƙirji, alƙali Horacio Elizondo yana bin ƙwallo bai gani ba. Na huɗu, Luis Medina Cantalejo na Sifen, shi ya faɗa masa, aka ba da jan kati. A wannan gasar dai Graham Poll na Ingila ya ba Josip Simunic na Kuroshiya katin gargaɗi har 3 kafin ya kore shi, ba wanda ya tsayar da shi a na biyu. Namu na Afirka ya fi kusa da mu. A Janairun 2022, a gasar Afirka a Limbe ta Kamaru, Janny Sikazwe na Zambiya ya tashi wasan Mali da Tunisiya a minti na 85, aka dawo, ya sake tashi kafin minti 90 su cika. An ce zafin rana ne ya buge shi, har aka kai shi asibiti. Duniya shi ta yi wa dariya, ni kuwa a ganina laifin na dukkansu ne, domin kowane ɗayansu yana da agogo, kuma doka ta ba da damar wani ya karɓi usur in alƙali ya kasa. Wanda ya san ranar Afrilu a Maradi da ƙarfe huɗu na yamma ya san wannan ba labarin nesa ba ne.

Ba na cewa duk mai tuta waliyyi ne. Aden Marwa na Kenya, mataimaki ne da aka zaɓa zuwa gasar duniya ta 2018, ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas ya ɗauke shi a ɓoye yana karɓar kuɗi, ya rasa gasar, hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta kore shi har abada. Zargin jama'a yana da tushe. Sai dai wanda ya yi wa kowace tuta fassarar kuɗi ya taimaki maciyin hancin ne, tunda ya haɗa shi da mai gaskiya a zagi ɗaya.

Yanzu matasanmu da sun ji an soke ƙwallo sai su zana akwatin talabijin da yatsa, suna neman VAR, wato duba bidiyo don taimaka wa alƙali. An shigar da ita cikin doka a 2018, aka yi aiki da ita a gasar duniya a Rasha, sannan a gasar Afirka ta 2019 a Masar daga zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Da aka fara ta, abu huɗu kawai take shiga: ƙwallon da aka ci, fenariti, jan kati kai tsaye, da ba wa wani kati a madadin wani. A Katar a 2022 an ƙara kyamarori 12 masu bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa, da na'ura a cikin ƙwallon mai nuna lokacin da aka taɓa ta, wato an warware matsalar nan ta gani biyu a lokaci ɗaya. Duk da haka mutane ne ke bayanta. A Satumban 2023 aka soke wa Luis Díaz na Liverpool ƙwallo mai kyau a gidan Tottenham. Mai duba bidiyo ya ga ba satar gida, amma ya ɗauka an riga an ba da ƙwallon, ya ce an gama dubawa, alƙali ya fahimci an tabbatar da tuta. Ciwon 1986 ne dai ya dawo, kowa na zaton ɗan'uwansa ya gane. A wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2019 a Rades ta Tunisiya kuwa, an soke wa Wydad ta Maroko ƙwallo a ragar Espérance ta Tunisiya, suka nemi a duba, ashe na'urar ba ta aiki, suka ƙi ci gaba da wasa.

VAR ta kawo mana wata illa ta bayan fage. A wasannin da take, an umarci mataimaka su riƙe tuta in abin ya yi kusa-kusa kuma ana dab da ci, su bari hari ya ƙare, don bidiyo zai gyara in sun yi kuskure. Yaranmu masu riƙe tuta suna ganin haka a gidan kallo, sai su kwaikwaya a filin da ba kyamara ko ɗaya, su bar yaro ya ci sannan su ɗaga. A inda ba mai gyarawa, da zarar mai satar gida ya shiga wasa kuma ka tabbata, ɗagawa ake yi. Jinkirin da ya wuce nan shi ke kunna wuta.

A fagen kokowa mun fi fahimtar wannan tsari. Alƙalin tsakiya ba shi kaɗai yake ba, akwai na gefe da na tebur masu riƙe lokaci da lissafin gargaɗi, kuma in kaye ya zo da gardama ba wanda ke ganin ƙasƙanci ne a tuntuɓe su. Jama'a kuma suna can bayan shinge, ba a kan 'yan kokowa ba.

A ƙwallon unguwa kuwa, ko a Zariya ne ko Bagalam ko Sabon Gari a nan Maradi, tsarin da aka watsar a 1891 muke yi. Kowace ƙungiya ta ba da mutum ɗaya, a miƙa masa riga ko reshen bedi. Ƙanen kyaftin ne, ko wanda bai samu shiga ba yau. Layin da aka zuba da toka ya ɓace cikin rairayi kafin a tafi hutun rabin lokaci, 'yan kallo sun taka shi sun shigo taki biyu, 'yan kabu-kabu sun jera babura a inda ya kamata ya bi da gudu. Mutumin da ba ya iya tsayawa kan layinsa, tutarsa ba ta fi ihun na bayansa daraja ba. In dole sai an yi da mutanen ƙungiya, a taƙaita musu aiki tun kafin a take wasa, a gaban kyaftin biyu: ƙwallo ta fita ko ba ta fita ba, shi ke nan. Satar gida da ƙeta alƙali ya riƙe abinsa, ya yi iya ganinsa, kowa ya san da haka. Igiya da 'yan turaku taki biyu ko uku bayan layi ba su kai kuɗin kofin da ake saye ba.

Daga wasan kusa da na ƙarshe zuwa sama kuwa, bai kamata masu shirya gasa su yi ba tare da mataimaka biyu masu horo, waɗanda ba ruwansu da kowace ƙungiya ba. Hanyar samun su tana nan ta reshen jiha na hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, FENIFOOT, kuma aikin yana kai mutum nesa: Mahamadou Yahaya, ɗan Nijar, yana cikin mataimakan da suka yi gasar Afirka ta 2019. Yaron da ke da gudu da natsuwa amma ƙafarsa ba ta kai ta zama sana'a ba, a nuna masa wannan ƙofa tun yana ɗan shekara 16 ko 17. Sannan a gyara yadda ake sallamarsu. Kuɗin alƙali da mataimakansa ya fito daga asusun gasa, a ba su kafin wasa, a gaban wakilan ɓangarorin biyu. Yadda ake yi a wurare da yawa, sai an tashi ne mai tuta zai bi shugaban ƙungiyar da ya soke wa ƙwallo yana jiran kuɗin babur ɗin komawa gida, kuma ya san da haka tun lokacin da yake shawarar ɗaga tutar.